Malama Asabe da gwangwanayen aji biyu

Malama Asabe ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a ƙofar aji, yara suna shigowa, sai wayata ta yi ƙara. Hauwa ce, babbar 'yarta. Ta ce Mama ta cika bayan sallar asuba. Ban tuna abin da na ce mata ba. Na dai tsinci kaina zaune a kan bencin yara, suna ta kallona.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawanku ba ku san ta ba. Ba ta taɓa yarda an ɗora hotonta a ko'ina ba, shi ya sa ba ku ga hoto a nan ba. Amma duk wanda ya taɓa shiga ajina ya ce ya yi tsari, aikinta ya yaba bai sani ba.

A wata firamare da ke gefen Toranke muka haɗu, shekarar da aka fara ɗaukata aiki. Ina fitowa daga kwaleji, kaina cike da abin da ke cikin littafi. Hedimasta ya ce in je aji biyu in zauna ƙarƙashin Malama Asabe in koyi aiki. A raina na ce wane aiki kuma, bayan ga takardata a jaka.

Ajin ba shi da kabad ko ɗaya. Katako ta ɗora a kan bulo, ta jera shi a jikin bango. A kai akwai gwangwanayen madara, kwalayen sabulu, tsofaffin robobin fenti, har da wata ƙwarya da aka ɗinke bakinta. Kowanne da katinsa a gaba. Alli. Fensir. Kilina. Littafin rubutu. Murafen kwalba na ƙirga. Akwai wani kwali can ƙarshe da aka rubuta wa "Tsintuwa", an zana silifa ƙafa ɗaya a jikinsa.

Kowane kati abu uku ne a kai: sunan abin da boko, sunansa da ajami, sai zanen abin.

Ranar kasuwar Ajingi take bin masu shago tana karɓar kwalin da suka gama da shi. Har sun saba, da sun hango ta sai su fara ciro mata. Ƙaro take jiƙawa ta yi gam. Idan ta gama rubutu da alƙalamin maka sai ta naɗe katin da farar leda saboda damina, don rufin ajin yana yoyo ta kusurwa biyu.

Na taɓa tambayarta ko wahalar ba ta yi yawa ba a kan gwangwani. Ta ce, "Ba don gwangwanin nake yi ba, Sa'a. Yaron da zai ɗauki fensir sau biyar a rana, sau biyar zai kalli kalmar. Ko bai yi niyya ba sai ta zauna masa."

Satina na biyu yara suka fi ƙarfina, na fita bayan aji ina kuka. Malama ta shiga ajin. Ta karɓi darasin ta ƙarasa, da aka tashi tara ta turo min dafaffiyar gyaɗa a murfin kwano. Washegari ma ba ta ɗauko maganar ba.

Akwai wata yarinya a ajin, Ladidi. Ba ta ji sosai tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama, maganarta ma ba ta fita da kyau. Babanta ya so ya cire ta, ya ce me za ta koya tunda ba ta jin abin da ake faɗa. Malama ta bi shi har gona ta roƙe shi ya ba ta shekara ɗaya.

Katinan nan su ne makarantar Ladidi. Malama za ta ɗaga alli ta nuna mata, Ladidi ta je ta nemo zanen, ta ɗora yatsa a kan kalmar, ta dawo ta kwaikwaya a allo. A haka, ɗaya bayan ɗaya, ta fara gane harufa. Idan ta dace sai ta waiwayo tana murmushi, duk haƙoranta a waje.

To ga abin da ban taɓa ba ku labari ba.

A tsakiyar zangon farko Malama ta tafi Kano jinyar mahaifiyarta, sati biyu. Ana nan sai aka ce masu duba makarantu za su zo. Na kalli katinan nan, ledar ta yi duhu, gefen wasu ya fara cinyewa, sai na ji kunyarsu. Na shiga mota zuwa Gaya, na sa aka buga min sababbi a kwamfuta, da Turanci zalla, aka yi musu laminatin suna ƙyalli. Na ɓare nata gaba ɗaya na zuba a shara. Da yamma aka ƙona sharar.

Baƙin suka zo suka yaba. Ɗaya ma ya tambayi sunana ya rubuta. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don daɗi.

Washegari na ɗaga kilina na nuna wa Ladidi, yadda Malama take yi. Ta tashi da saurinta ta nufi bango, sai ta tsaya. Ta bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ta sake dawowa. Babu zane, babu kalma ɗaya da ta sani. Yara suka fara dariya. Ta juyo ta kalle ni.

Har yau ina ganin kallon nan.

Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Na ji an ce babanta ya ce dama ya faɗa.

Da Malama ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa bangon kallo. Ta ce sun yi kyau, masha Allah. Sannan ta duba benci na gaba ta ce ina Ladidi. Na ce ta daina zuwa. Ta tambayi inda tsofaffin katinan suke, na ce an ƙona. Ta gyaɗa kai kawai ta fara kiran rajista.

Da aka tashi ta ce in tsaya. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar aji, ta zazzage kwali daga buhu, ta miƙo min almakashi. Kwana uku muna wannan aikin bayan an tashi. Ita ta yi ajamin, ni ta ce sai na yi bokon da zanen da hannuna. Na zana kilina, ta ɗaga ta duba ta ce wannan ai burodi ne, yara za su cinye. Muka yi dariya har na manta ina jin kunya.

Nawa na kwamfuta kuwa ba ta cire ko ɗaya ba. A gefensu ta manna sababbin. Ta ce a bar su, Turancin ma za su buƙace shi nan gaba.

Rana ta huɗu muka taka har gidansu Ladidi, lokacin ana cirar gyaɗa. Muka same ta a tsakar gida tana tsinka. Malama ta zaro kati ɗaya daga jaka ta ɗaga mata. Yarinyar ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta ɗora yatsa a kan kalmar. Babanta yana tsaye yana kallo. Malama ta ce masa shekarar da ya ba ta ai ba ta cika ba tukuna. Ya ce Allah Ya kai mu gobe.

Ladidi ta gama firamare. Yanzu ɗinki take yi a Ajingi. Duk atamfar da aka kawo mata sai ta rubuta sunan mai ita da awonta a 'yar takarda ta maƙala da fil. Ba ta taɓa haɗa kayan wata da na wata ba.

Ni kuma aka yi min canjin wurin aiki na dawo gida Balan, Malama ta yi ritaya ta koma Gaya. Shekaru suka yi ta tafiya ban taɓa buɗe baki na ba ta haƙuri ba. Kullum sai in ce sai na samu lokacin da ya dace.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar sallah ce. Na same ta a rumfar tsakar gida, ta rame, ciwon suga ya taɓa mata ido. Na tambayi jiki ta ce da sauƙi, ta wuce kai tsaye zuwa tambayar ajina. Yara nawa ne ba su fara haɗa baƙi ba? Gara ta shiga kwalayen? Na ɗaga su daga ƙasa kuwa?

Sai kawai na ce, "Malama, ki yafe min katinanki da na ƙona."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke har yanzu kina ɗauke da wannan? Ai da ba ki ƙona su ba, da har yau ba ki iya yankan kwali ba. Na yafe tun ranar."

Ta sa Hauwa ta ɗauko mata almakashinta, wanda ta naɗe hannunsa da tsumma saboda yana cin yatsa. Ta ce in tafi da shi, ita hannunta ya daina jin magana. Amma in dawo idan an yi hutu mu yi wa 'yan aji ɗaya sababbi, ni in rubuta, ita ta faɗa min inda ya karkace. Na ce ba kin ce ba kya gani ba? Ta ce karkataccen rubutu ko a duhu tana gane shi.

Na ce in sha Allahu.

Hutu ya zo, aka shiga aikin gona, aka yi bikin ƙanwata, na ce sati mai zuwa. Daga Balan zuwa Gaya ba wata tafiya ba ce. Na tara kwalayen ma, suna nan a bayan ƙofar ɗakina. Ban je ba.

Wallahi ina kewarta. Ina so in sake zama a kan tabarmar nan ko sau ɗaya, ƙaro ya manne min a yatsu, ita tana ƙunƙuni wai na cika gaggawa.

Yanzu zan kama hanyar Gaya. Daga can sai Ajingi, don Ladidi ba a gaya mata magana a waya. Sai dai in zauna a gabanta in rubuta a takarda, ta karanta da kanta. Tun ɗazu nake tunanin abin da zan rubuta, ban samu ba.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Asabe. Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata mata shi. Duk harafin da wani yaro ya gane ta dalilinta, Ka sa ya zame mata sadaka mai gudana. Ka ba Hauwa da ƙannenta haƙurin rashinta, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, kar ya wuce bai sa ta a addu'a ba. Idan kuma kai ma akwai malamin da ya fara nuna maka harafi, ka haɗa da shi. In yana raye, ka je ka gaishe shi cikin satin nan.