Lukmanu Ya Yi Wa Gada Ɗori

Gidan su Lukmanu, a wani ƙauye bayan Bwari, ɗori suka gada. Kakansa ya ɗora ƙafar mutum da ta jaki, ubansa ya ƙara da ta 'yan ƙwallo. Shi kuwa zamanin acaɓa ya tarar, lokacin da karaya ke zuwa har gida, uku-uku daga babur ɗaya. Da aka kori acaɓa daga tsakiyar Abuja, ga asibiti ko'ina, sai ya rataye jakarsa ya shiga leburanci. Abu ɗaya ya rage masa na taƙama: a gidansu ba a taɓa yin ɗori aka taka ya ɓaci ba.

Yana da shekara hamsin da biyu aka ɗauke shi gyaran wata gada a hanyar Dei-Dei, wadda tirelolin siminti da na shanu suka yi ta bi har ginshiƙinta ya tsage. Injiniya Nazeefa, mai kula da aikin, ta tara leburori ta yi bayani: za a goge kankaren, a ɗura gam a tsagar, a naɗe ginshiƙin da wani baƙin ƙyalle na zaren kabon, wanda in ya sha gam ya bushe ya fi rodi ƙarfi.

"Hajiya, ai ɗori ne wannan," in ji Lukmanu.

"Baba, kimiyya ce."

"To, barkanta da isowa."

Shi aka bar wa naɗin, don hannunsa ba a magana. Sai dai a gidansu ba a ɗora mutum shi kaɗai. Tare ake ɗora shi da kaza mai karyayyar ƙafa, kuma ba ya taka ƙasa sai ranar da ta taka. Allah ya hutar da Lukmanu karya ƙafar kazar kowa, don baro ya riga ya bi ta kan kazar Thaddeus mai gadi. Ya naɗe mata ƙafa da ragowar ƙyallen, ya shafe da gam, ya ajiye ta a gindin ginshiƙi.

Kwana bakwai gam ya bushe, Injiniya ta ce a janye durom-durom ɗin da suka tare hanya. Lukmanu ya hau ɗaya ya zauna.

"Ba ta taka ba, Hajiya."

"Wa?"

Ya nuna kazar, tana kwance tana kallon kowa kamar babbar sakatariya.

"Thaddeus, ɗauke kazarka!"

"Madam, kaza na ne, amma yanzu ya zama ma'aikaci. Ni ba na taɓa shi."

Direbobi suka cika wurin da ham. Wani mai shanu ya leƙo ya ce a ba shi kazar da wuƙa ya warware matsalar.

Don ta rufe bakin tsoho, Injiniya ta ɗauki ƙaramar guduma ta hau tsani ta sake bin ginshiƙin da ƙwanƙwasa, har can saman da jiya ba ta kai ba. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai buf. Iska ce ta maƙale ƙarƙashin ƙyallen, faɗin faifai, kuma a naɗin Lukmanu. Da tirela ta hau, da sunan gidansu ya tafi a hannunsa.

"Tunda ba a taka ba, bai ɓaci ba," in ji Lukmanu.

Aka ɗura gam da sirinji, aka ƙara kwana uku. A rana ta biyu an ga Injiniya, mai digiri biyu, durƙushe da hular kwano tana watsa dawa nesa da kazar, tana lallashinta. A ta uku kazar ta miƙe ta bi dawa, ƙafar tana ƙwas-ƙwas kamar takalmin amarya. Lukmanu ya sauka daga durom, ya janye shi da hannunsa. A rahoto, wajen dalilin jinkiri, Injiniya ta rubuta: ƙarin gwaji.

Ƙyallen dai ya ƙi fita daga ƙafar, ko da zarto. Da kamfanin ya sami wata gadar, Injiniya ta ce a tafi da Thaddeus, ta ƙara da cewa, murya ƙasa-ƙasa, ya taho da ma'aikacin nasa.

"Madam, ai ya warke," in ji Thaddeus.

Lukmanu ya dubi kazar, ya ce, "Saura ƙafa ɗaya."