Na Ɓoye Fasfonsa Har Aka Rufe Musayar 'Yan Wasa

Assalamu alaikum Edita. Ni dattijo ne, na haura sittin, bokona bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin nan ya faru ina da ɗan gidan abinci a saman bene a unguwar Setapak, cikin Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, inda ɗalibanmu na Arewa ke zuwa cin tuwo idan shinkafa ta ishe su. Na daɗe a ƙasar, shi ya sa iyaye daga gida suke damƙa mini amanar 'ya'yansu. Tsarina ɗaya ne: duk wanda aka ba ni amanarsa, fasfonsa yana wurina, shi ya riƙa yawo da katin makaranta. Na ɗauko wannan tsari ne bayan na ga wani matashi da aka ruɗa da kyaututtuka, aka ba shi jaka da ƙwaya a ɓoye ya tsallaka iyaka da ita, har yau yana kurkuku. Tun daga nan duk wanda ya cika yi wa yaranmu fara'a, sai in sa masa ido.

Cikin waɗanda nake riƙo akwai ɗan aminina na ƙuruciya. Zan kira shi Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagona. Ƙwallon kwando ne rayuwarsa. Wasannin Amurka da safe ake nuna su a nan, sai ɗalibai su cika mini shago da hantsi suna gardama a kan wane ne gwani mafi girma da aka taɓa musanyawa ana tsakiyar kakar wasa. Wannan ya ce wanda ya koma sabon kulob ya ɗauki kofi a shekarar, wancan ya ce masa kai rufe mana baki, ko raga ba ka taɓa taɓawa ba. Ni kuwa nakan ce wannan wace irin sana'a ce, mutum ya wayi gari an musanya shi kamar ragon layya. Sai Dogo ya yi dariya ya ce haba Kawu, ai ba a rububin ramammen rago, wanda aka nema ana tsakiyar kaka shi ne wanda ake buƙata da gaggawa.

Wata Litinin ya hawo benen yana tsallake matakala uku-uku. Ya ce Kawu, yau abin ya zo kaina. Wai wani babban kulob na nan garin dogon ɗan wasansu ya ji ciwo a gwiwa, suna so su ɗauke shi daga ƙaramin kulob ɗin da yake bugawa, su ba da 'yan wasa biyu a madadinsa, kuma za su daidaita da makarantarsa. Abin da ya rage kawai a kai ainihin fasfonsa a yi rajista kafin yammacin Juma'a, don daga nan an rufe musaya sai wata shekara. Na tambaye shi ko akwai tafiya a ciki, ya ce akwai wasa ɗaya a ƙasar maƙwabta. Fasfo, gaggawa, tafiya. A raina na ce an zo wurin.

Daga ranar na koma mai gadi. Wani mutum ɗan asalin Sin, da Dogo ya ce shi ne koci, yana sauke shi a wata mota ruwan toka, ni kuwa ina leƙe ta taga ina rubuta lambar motar a bayan kwalin magi. Mutumin ya ba shi sabon takalmi da sabuwar ƙwallo. Ran Talata da ya tafi lacca na shiga ɗakinsa, na zare shimfiɗar takalmin, na shinshina, ban ga komai ba. Na ɗauki ƙwallon na girgiza a kunnena, sai na ji kamar ta fiye nauyi. Na ɗauko wuƙar yankan nama na farke ta gida biyu. Babu komai a ciki. Maimakon kunya ta kama ni, sai na ce wa kaina lallai mutanen nan ƙwararru ne, gwada shi suke yi tukuna.

Ran Laraba kocin ya hawo da kansa. Ya cire takalmi a ƙofa, ya kira ni Pakcik, wato kawu da Malayanci, ya ce in zo in ga atisaye da idona, filin bai wuce minti goma a bas ba. Na haɗa masa shayi ina murmushi, na ce boleh, wato ba komai, sai dai fasfon yana hannun wani, gobe zai dawo. Alhali yana ƙasan buhun shinkafa a kicin, ni na cusa shi da hannuna. Yana sauka na ɗauki waya na yi wa aminina saƙon murya. Na ce ban ce yaron yana yi ba, amma ina zargin masu safarar ƙwaya sun kewaye shi.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla a unguwar Kampung Baru, Dogo ya tare ni a bakin masallaci ya durƙusa, duk tsawon nan nasa. Bai ko yi maganar ƙwallon da ya tarar a farke ba. Ya ce Kawu, idan ba ka yarda da su ba, ka riƙe fasfon a hannunka mu tafi tare, kai za ka miƙa, kai za ka karɓa, ni ko taɓa shi ba zan yi ba. Wallahi babu maganar da ta fi wannan adalci, amma na ce masa ai hakan suka koya maka ka faɗa. Na wuce na bar shi a durƙushe. Yamma ta yi, aka rufe rajista.

Saƙona kuwa ya riga ya yi ƙafa. Aminina ya tura wa ƙaninsa don neman shawara, ƙanin ya jefa shi a zauren dangi na waya, daga can ya fita unguwa. Kafin ya gama zagayawa, kalmar nan ta ban ce yana yi ba, tuni ta faɗi a hanya. Uban ya ce a sa shi a jirgi, saura shekara ɗaya ya gama digiri. Ni na raka shi filin jirgi, a nan na miƙa masa fasfon, da garin shinkafa a jikin bangonsa. Ya kakkaɓe, ya dube ni, ya wuce.

Bayan wata guda ɗalibai suka kunna wasan gasar Malesiya a talabijin ɗin shagona, ba su kuma gardamar da suka saba. Na ɗaga kai sai ga kocin nan a gefen fili yana yi wa 'yan wasansa ihu, jama'a cike. Washegari na hau bas ɗin minti goman nan. Mutumin ya gane ni, bai yi fushi ba. Ya buɗe kabad ya ɗauko riga da sunan Dogo a bayanta, sun buga ta tun kafin Juma'ar. Ya ce in kai masa. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai Pakcik, me ya hana ka zuwa ka gani?

Na kira aminina na faɗa masa komai, har da buhun shinkafa. Na yi sabon saƙon murya na wanke yaron, na roƙi a yaɗa shi, amma bai wuce waya uku ba. Shekara biyu bayan haka Dogo ya nemi aure, masu bincike suka jiyo wai saboda ƙwaya aka dawo da shi daga Malesiya, aka hana shi. Da na je gida na same shi a shagon mahaifinsa na kai masa rigar. Ya gaishe ni da ladabi kamar da, ya ce ya yafe, amma rigar ko warware ta bai yi ba. Sai ya ce Kawu, ƙwallon nan da ka farke, me ka samu a ciki? Na ce babu komai. Ya ce to, wannan labarin ne har yau bai iso Kano ba.

Na mayar wa kowane ɗalibi fasfonsa. Na gane cewa tsoron da nake kira riƙon amana, rabinsa ƙyuya ce da girman kai: abin da ban sani ba, na ƙi zuwa in koya daga yaro. 'Yan'uwana dattawa da ke riƙe da 'ya'yan mutane a ƙasashen waje, sa ido wajibi ne, miyagu suna nan. Amma kafin ku danna wayar nan ku aika zargi gida, ku taka ku je ku gani. Ni minti goma na ƙi yi a bas, shi kuwa har yau yana amsa sunan da na laƙaba masa.