Ranar da Na Yi wa Malamar Lissafi Tafinta a Turba

Shekarun baya, lokacin da nake ɗalibin lissafi a jami'a, na yi imani cewa babu gardamar da hujja ba za ta kashe ba, muddin an jera ta daidai. Wadda ta dasa mini wannan ra'ayi malamarmu ce ta aljabara, wata mata 'yar ƙasar Romaniya. Ta yi digirin digirgir a ƙasarsu, ta koyar shekara da shekaru ba a ɗaga matsayinta ba saboda ta ƙi shiga jam'iyya mai mulki, daga bisani aka turo ta nan aikin kwantiragi. Ba mai yawan fara'a ba ce. Kowane darasi da kalma ɗaya take buɗe shi, wadda mu ɗalibai muka fassara da "mu ƙaddara": mu ƙaddara abu kaza gaskiya ne, sai mu bi shi mu ga inda zai kai mu.

Ina tsakiyar karatu fari ya tsananta. Geronmu na ƙauyenmu Turba ya ƙone tun bai fitar da kai ba, makiyaya suna kai shanu kasuwar Isa ana taya su kamar awaki. Yara biyu mahaifina yake riƙe da su a boko, ni da ƙanena da ke sakandare. Ya aiko cewa ni ne babba, in bar karatu in tafi ci-rani Kudu, domin rumbu ya kusa ƙarewa. Na je ofishin Malama in yi mata sallama. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ranar Asabar in shiga motarta, tana son ganin mahaifin nawa.

A zaure ya karɓe mu. Ta ɗaura ɗankwali, ta cire takalmi, ta zauna a gefen tabarma. Ni ne tafinta, kuma ina ji da kaina ƙwarai, don a ganina tsohon bai taɓa haɗuwa da hujja irin wadda zai ji ba. Ta fara yadda ta saba, ni kuma na bi ta kalma da kalma.

"Baba, ta ce mu ƙaddara ruwa ya sauka baɗi..."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Wa ka ƙaddarawa? Kai ko ita?"

"Ba haka nike nuhi ba, Baba, hanyar lissahi ce."

"To hwaɗa ma Malama, nan Allah ɗai ka ƙaddarawa. Da ni ka yi, da motarku ta kahe cikin laka tun Isa."

Na bayyana mata cewa kalmar da na zaɓa fuska biyu gare ta, kuma ɗayar ba ta ɗan Adam ba ce. Ina jiran ta ɗauko wata hujjar, sai ta ce in gaya masa labari za ta ba shi. Tana yarinya, bayan yaƙin duniya na biyu, an yi fari a ƙauyensu. Masara ta bushe a gona, suka ci dusa da ganye. Mahaifinta yana da 'ya'ya biyu a makaranta, ita da yayanta, ɗaya kawai zai iya riƙewa. Ita ya zaɓa.

"Ɗiya mace?" in ji mahaifina.

Ta gyaɗa kai tun ban fassara ba.

"Shi wan nata fa?"

Ta ce yana ƙauye yana noma, kuma ya fi ta kaifin ƙwaƙwalwa. Ta ƙara da cewa har ranar ba ta san ko mahaifinta ya yi daidai ba. Na so in haɗiye wannan ɓangaren, don na ga zai rushe abin da ya kawo mu. Ta lura, ta ce in faɗa masa duka. Na faɗa.

"Suna gaisawa?"

"Ta ce suna gaisawa, Baba, amma ba su hira."

Sai ya ce, "Wagga mata ba ta ɓoye mani komi ba. Za ni yi yadda ubanta ya yi, Allah shi gahwarta muna ni da shi. Koma karatunka. Ƙanenka shi tahi."

A hanyar komawa ban yi mata godiya ba, domin ban san ko abin godiya ne ba. Yau ina da shekara hamsin, kuma duk lokacin da aka gabatar da ni a taro ana yaba ƙoƙarina, nakan tambayi kaina nawa ne ƙoƙarin nawa a ciki, nawa ne na wanda aka ɗora wa kayan da ni aka nufa da su.

Malama ta koma ƙasarsu da kwantiraginta ya ƙare, na kuma ji sai dab da ritaya aka ba ta farfesa, bayan gwamnatinsu ta canza. Ni na kammala, ina koyar da lissafi har yanzu. Ƙanena ya tafi Kudu a wannan ranin, bai sake komawa aji ba.