Kumfar Tabkin Warra

Yau a rediyo na ji wai masana sun gano ƙwayoyin halitta masu zama cikin wasu ƙwayoyin a teku, suna fitar da iskar gas. Sai marigayiya kakata ta faɗo min a rai, raina ya ɓaci.

Wata rana muna wanki a bakin tabki, ta caka sanda cikin laka, kumfa ta taso da warin ruɓaɓɓen ganye. Ta ce, "Akwai mai rai a nan, ido ne bai kai ba."

Maƙwabciyarmu ta ce, "Kun ji ko? Tsohuwa ta fara hira da aljanun ruwa."

Daga ranar aka daina sayen daddawar Kaka, har ta rasu. Ina tsaye sa'ad da aka yi maganar, ban ce uffan ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya saka miki, ni kuma Ya yafe min shiruna.