Zanen da Aka Wanke

Goggo Safa muke ce mata, don ko albasa za ta yanka sai ta nemi safar hannu. Ƙanwar babanmu ce, gajera, mai faɗan tsiya, kuma ta yi furfura a ɗakin gwaje-gwaje na masu binciken laifi. Surukarta har ta rasu tana zaton ɗinki ake yi a wurin, domin kullum Goggo cewa take yi tufafi take dubawa. Ba ƙarya ta yi ba. Wa zai zauna gaban suruka ya ce maniyyi yake nema a jikin tsumma?

Ni ma sai da na yi aure ta ga na isa jin bayani. A cikin ruwan namiji akwai wani sinadari, masu bincike kuma sun samar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kama shi, suka shimfiɗa su a kan ɗan tsinke irin na gwajin ciki. Goggo takan yanko ƙyalle kamar girman farce, ta jiƙa, ta ɗiga ruwan a kai. In layi biyu ya fito, akwai. In ɗaya ne, ba ta yarda a ce babu, sai dai a ce ba a gani ba. A kan wannan kaɗai ta ɓata da rabin ofishinsu.

A gida kuwa mun sha wahalarta. Ka sa jiƙaƙƙen kaya a leda, ranar ka shiga uku, wai danshi ne ke cinye shaida. Shaidar me a jikin tawul ɗina, Allah kaɗai ya sani.

Akwai wata mai ɗinki a layinmu, bazawara, ita da mahaifiyarta suke zaune. Wata ranar Asabar mai shagon da take haya ya rufe ƙofa ya yi mata fyaɗe. Ya musanta, ba wanda ya gani, saboda haka magana ta tsaya a kan zanen da ke jikinta.

Tsohuwar ce ta zo wurin Goggo da shi, ina zaune. Ta ciro shi daga jaka a ninke, yana ƙamshin sabulu, har guga ya sha. Ta ce kunya ta hana ta kawo wa mutane kaya da ƙazanta, shi ya sa ta jiƙa shi da bilic ta cuɗe sosai. Na jira Goggo ta fashe da faɗa. Sai kawai ta nemo takarda ta naɗe shi, ta raka ta da 'yarta wurin 'yan sanda. Da yake ta san masu ƙarar, abokin aikinta ta bar wa gwajin.

Layi ɗaya ya fito. Madubin ƙara girma ma bai nuna komai ba, aka sallami mutumin. Na ji haushi ƙwarai, har yau ban huce ba.

Goggo da kanta ta je gidan. Ta tsuguna ta yi wa tsohuwar bayani a hankali, cewa rashin gani ba ya nufin 'yarta ta yi ƙarya.

"Inna, ni na yarda da ita," in ji Goggo.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"'Yar nan, ashe shi mutumin na wanke."