Tofin Goggo a Kan Robar Inna

Shekara biyu ana yi wa Inna wankin ƙoda a wani asibiti a Khartum kafin yaƙi ya zo. Ni nake raka ta daga unguwarmu Umbadda a Omdurman, mu haye gada, mu sauka kasuwar Suk al-Arabi mu canza mota. A ƙasan wuyanta aka sa mata kastara, wato robar da ake jona ta da inji. Wata sista mai tsauri ce ke kula da ɗakin. Ta ce a da zazzaɓi ya yi ta kwashe masu roba, sai ta zauna ta bi aikin daki-daki, ta ga inda datti ke shiga, ta rubuta ƙa'idoji ta manna a bango. A wanke hannu. Mai aiki da majinyaci duk su sa takunkumi. Majinyaci ya juya fuska gefe. Kada kowa ya yi magana a kan wurin in yana buɗe, domin numfashi ma na ɗauke da cuta.

A zuwanmu na ƙarshe kafin harbi ya rufe gadar, sistar ta ba ni leda ɗaya ta bandeji da safar hannu da maganin gogewa, ta sa na maimaita ƙa'idojin sau uku a gabanta. Na zama ni ce mai canza wa Inna filasta a gida, wanki kuwa sai in mun samu layi a nan Omdurman.

Wata huɗu ban kuskure ba. Ko ruwa ya yi wuya, nakan ɓoye kofi ɗaya na tafasa.

Ranar wata Juma'a da hantsi, na cire tsohon filasta ke nan, Goggo ta yi sallama. Yayar Baba ce, ita ta koya mana karatu tun muna ƙanana. Ta tako da ƙafa daga unguwarsu cikin wannan hali don ta duba Inna. Ta durƙusa, ta ga ramin da robar ta shiga, ta fara karanto addu'a. Na san abin da zai biyo baya. Haka ake yi mana duk sanda muka yi ciwo.

"Matsa kaɗan, ya bitti," in ji ta, wato 'yata.

Na matsa. Ta sunkuya ta yi tofi sau uku a kan wurin. Ina tsaye da takunkumi a fuskata, hannuna cikin safa. Ta yaya zan ce wa Goggo bakinta na da datti? Da ta fita alwala na goge da sauran maganin, na rufe.

Kwana uku bayan nan Inna ta fara rawar ɗari. Wurin ya yi ja, yana fitar da ruwa. Da na kai ta asibiti, likita ya tambaye ni ko wani abu ya taɓa shi, na ce a'a. Wataƙila ruwan ne, wataƙila bandejin da ya daɗe. Ban sani ba, har yau ban sani ba. Ya cire robar, ya ce ba su da wata, mu dinga leƙowa.

Muka dawo gida a raksha, wato keke mai ƙafa uku, ƙafafun Inna sun kumbura sun ƙi shiga takalmi. Da na kwantar da ita ta riƙe min hannu, ta ce in je in kira mata Goggo ta ƙara yi mata addu'a, ta ji sauƙi wancan karon.

Na ɗauki mayafina na tafi kiranta.