Kabarin Fir'auna da Yaya Ayuba Ya Bari a Bakin Burtali

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Ayuba a Kafanchan, kuma har yau da zarar an yi ruwan farko sai gabana ya faɗi. Kewarsa tana nan, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai abin da ya binne a gindin dutse, yamma da ƙauyenmu, bai samu ya tono ba, ga shi kowace damina ruwa yana ƙara zaizaye ƙasar wurin.

Yaya Ayuba malamin tarihi ne a wata sakandare. Tun muna yara Masar ta shiga masa kai. A coci ana wa'azin yadda Musa ya kuɓuce wa Fir'auna, shi kuwa damuwarsa yadda ake naɗe gawar sarakunan. Da ya sayi babbar waya sai ya gano wani wasa: mutum ya ɓoye ɗan akwati a wani wuri, ya sa kacici-kacici a intanet, wanda ya warware ya samu lambobin wurin, wayarsa ta kai shi. Babu dukiya a ciki, daɗin nemowar ne kawai. Na ce masa wannan aikin marasa aikin yi ne. Ya ce ni dai ban san daɗin duniya ba.

Nasa akwatunan ya yi su kamar kaburburan Masar. Gwangwanayen madara ya fenta, ya zana musu ido da tsuntsaye. A cikin kowanne ya kwantar da ɗan mutum-mutumi na kara, naɗe da ƙyallen tsohon zanin gadon Mama. A murfi kuma ya rubuta, wai don armashi, cewa duk wanda ya raba wannan gawa da makwancinta ba zai ci amfanin gonarsa ba. Yana rubutawa yana dariya. A zatonsa ɗalibai da baƙi masu hawan dutse ne za su gani.

Wanda ya fara gani bai taɓa jin labarin wasan ba. Baba Bitrus ne, maƙwabcinmu manomin citta, wanda gonarsa ta yi iyaka da burtalin da shanun Malam Buba ke bi zuwa rafi. Su biyun sun tsufa tare, matar Malam Buba ma ita ke kawo mana nono. A shekarar cittar Baba ta ruɓe a ƙasa, yana cikin wannan takaici fartanyarsa ta bugi gwangwani. Dattijon da ya yi asarar gona, ya tono mutum-mutumi cikin farin ƙyalle a bakin burtali, ga la'ana a rubuce, me kuke so ya ce? Kafin rana ta take samari sun taru da sanduna, wai Fulani sun yi wa gonar asiri. A ruga kuma labarin da ya je shi ne manoma sun binne wa shanu sammu.

A guje Yaya ya iso gidan mai unguwa a kan babur, inda aka tara Baba Bitrus da Malam Buba, da allin aji a hannun rigarsa.

"Baba, ni ne na yi shi. Wasa ne."

"Wasa?" in ji Baba Bitrus. "Kai da ka je makaranta? Wane irin wasa ne za ka sa ma kara kayan gawa?"

Yaya ya durƙusa ya warware ƙyallen a gaban jama'a, ya karya karan. Babu wanda ya yi dariya. Malam Buba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, "Malam, da ka makara kaɗan, da yau an yanka likkafani na gaske."

A ranar ya goge wasan daga intanet, da kacici-kacicin da lambobin duka, ya shiga bin duwatsu yana kwashe gwangwanayensa. Bai gama ba ciwon hanta ya kayar da shi. Masu cewa la'anar ce ta koma kansa har yau suna ba ni haushi, don ciwon ya daɗe a jikinsa kafin ya san wani wasa. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Ladi, saura ɗaya, babban. Yana ƙarƙashin dutse kusa da ɗorawa, yamma da burtali. Ki cire shi." Ya ce ya sa shi yamma ne don can mutanen Masar ke kai matattunsu. Ko a nan ma sai da ya koya mini tarihi.

Bayan jana'iza na je. Masu gawayi sun riga sun sare ɗorawar wurin, duwatsu kuwa duk kamarsu ɗaya. Kowane rani ina komawa da sanda ina tsokanar gindin dutse kamar mai neman kaguwa, in dawo hannu wofi.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Baba Bitrus ya rasu. Malam Buba ya tashi da shanunsa zuwa wajen Kauru. Waɗanda suka ga an karya karan nan suna ƙarewa, gonaki kuma suna ta hawa gefen dutsen. A lokacinsa labari da ƙafa yake tafiya, shi ya sa babur ya riga shi. Yanzu hoto ɗaya za a ɗauka, kafin a nemo mai unguwa ya kai Zonkwa ya dawo da ƙarin gishiri. Yaya mai son waya ne, amma na tabbata da wannan ya hana shi sukuni.

Na so a ce abin da ya rage na Yaya Ayuba ɗalibansa ne, da dariyarsa, da yadda ya durƙusa a gaban dattawa bai nemi mafaka ba. Waɗannan suna nan. Amma gwangwanin ma yana nan, kuma shi nake tsoro. Don haka mutanen yankinmu, manomi ko makiyayi, in fartanya ko kofato ya fito muku da gwangwani mai zanen ido, da gawar kara a ciki, ina roƙonku kafin ku kalli maƙwabcinku ku warware ƙyallen. A gefensa za ku ga ƙananan furanni shuɗɗa. Zanin gadon uwata ne.